Yadda Waƙar Niƙa Ta Fitar da Mijina Daga Turu

A shekarun da Nasara ba su daɗe da karɓar ƙasar Sakkwato ba, ni matar makaɗi ce a Illela, da 'ya'yana biyu ƙanana. Asalina 'yar Araba ce, 'yar manoma. Ina yarinya aka zo aka kafa alamun iyaka tsakaninmu da Konni, aka ce dangin uwata da ke can sun zama na Faransa, mu kuma na Ingila. Muka yi dariya, muka ci gaba da zuwa sunan juna da biki kamar yadda muka saba. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, don waɗanda suka rasu a cikin labarin nan jikokinsu suna nan da ransu. Ban iya boko ba, faɗa nake yi ana rubutawa, saboda haka in kun ga maganar ta yi tsawo ku yi haƙuri da tsohuwa.

Maigidana gangar noma yake kaɗawa, gadon gidansu ne. In aka kira gayya, shi ne zai rataya ganga ya bi bayan manoma yana kiran kowa da takensa, sai ka ga ragon da ba ya kai kunya ɗaya ƙarshe ya cire riga ya shige gaban kowa. A wajen gayya na fara ganinsa, na kai fura gonar kawuna. Mahaifina bai so auren ba, ya ce shi bai haifi 'ya don gidan maroƙa ba, amma na kafe har ya gaji ya sa albarka. Maigidan nawa mutum ne mai ba'a da yawan dariya, hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Ko tuwo yake jira sai ya yi ta buga gefen akushi da yatsu. Ni ma bakina ba ya shiru. In na durƙusa kan dutsen niƙa sai waƙa, har surukata, wadda muke kira Inna, takan ce gidanmu ko kaji ba sa samun wurin yin magana.

Ana nan sai yaƙin Nasara da Jamus ya taso, aka aiko wa mai gari cewa ana son maza masu ɗaukar kayan soja zuwa ƙasar Kamaru. Aka ce duk gidan da ke da maza biyu ya ba da ɗaya. Samari da yawa suka tsallaka Konni suka ɓuya, ni ma na roƙi maigidana ya bi su. Ya ce in ya gudu wansa za a kama, shi kuwa wan nasa yana da ciwon ƙirji, ba zai kai ko Gusau da kaya a ka ba. Suka tafi da wani saurayi ɗan garinmu Araba, ɗan maƙwabciyar uwata, shi kaɗai ne namiji a wurinta. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce, ba labari. Na yi noma da kaina, na yi kaɗi, na sayar da daddawa, na riƙe yaran.

Ranar da ya dawo, da hantsi, ina shanyar gero a tsakar gida. Na ga mutum a tsaye bakin ƙofa, dogo, ƙashi da fata, sai da Inna ta fasa kuka na gane shi. Aka duba jikinsa, ba rauni sai kantar ɗaukar kaya a ka da tsagewar ƙafa. Muka yi ta godiya ga Allah. Ba mu san abin da ya dawo da shi a ciki ba. Ya sami gindin bango ya zauna, kuma zaman ke nan. Ba ya magana. Yaran su zo su hau jikinsa, ya dube su kamar 'ya'yan wani. In an ajiye abinci ya ci, in ba a ajiye ba ba zai nema ba. Uwar saurayin nan ta taso tun daga Araba ta durƙusa gabansa tana tambayar ɗanta, ya juya fuskarsa ga bango har ta gaji ta tafi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙara. In aka saka taɓarya a turmi sai ya zabura ya toshe kunne. Ranar da hadarin farko ya yi tsawa, a ƙarƙashin rumbu muka same shi, ya cusa kansa tsakanin duwatsu. Na mayar da dakana gidan maƙwabta, na hana yara guje-guje, ni kuma na kama bakina, na daina waƙa gaba ɗaya. Gidan ya yi tsit kamar ana zaman makoki.

Mutane suka ce iskokin dajin Kamaru ne suka biyo shi. Aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi, aka zo da saiwoyi daga Konni. Limamin unguwarmu, Allah Ya jiƙansa, yana zuwa ya zauna kusa da shi ya yi masa addu'a a hankali, kuma na lura a nan kaɗai kafaɗun maigidana suke sauka. Da na yi tunani da kyau, da tun a lokacin na gane cewa murya mai taushi ce jikinsa yake karɓa. Amma ni gaggawa nake yi. Na ce a raina, mutumin da aka haifa a gindin ganga, ai ganga ce za ta tashe shi. Na ɗauka in ya ji taken manoman da ya saba kira, jininsa zai motsa ya tuna ko shi wane ne. Ban shawarci kowa ba. Da na ji za a yi gayya a wata gona kusa da tafkin Kalmalo, na je na roƙi abokan kiɗansa cewa in sun gan mu su saki ganga da ƙarfi su kira shi da kirarinsa. Suka yi murna, don su ma suna kewarsa. Na lallashe shi, na ce ya raka ni kai fura. Ya tashi ya biyo ni kamar rakumi da akala.

Muna ɓullowa bakin gonar suka sake ta, ganguna da yawa a lokaci guda. Ya tsaya cak. Sai ya kwarma ihu da wani harshe da ban taɓa ji ba, ya faɗi rubda ciki, ya ja jiki cikin kunyoyi, sannan ya miƙe ya zura da gudu ya nufi tafki. Na yar da ƙwaryar fura na bi shi ina kira. Ya faɗa ruwa bai ko waiwaya ba, shi da bai iya iyo ba. Allah Ya sa akwai masunta a kan gorunansu, su suka jawo shi. Wansa ya iso ya rungume shi don ya riƙe shi, shi kuwa bai san wanda ke riƙe da shi ba, ya kai masa gwiwar hannu a baki har haƙori ya fita. Da igiyar jaki aka dawo da shi gida, yara na biye. A ƙofar gida wan nasa ya dube ni, jini na zuba a rigarsa, ya ce, "Kin ga abin da kinka jawo muna?" Gaskiya kuwa ya faɗa.

Kafin la'asar an kira massassaƙi da maƙeri. Aka kawo turu, wani gungumen icce mai rami, aka zura ƙafarsa ɗaya aka buga ƙarfe, aka ajiye shi a bukkar bayan gida inda ake tara ƙaiƙayi. Ban ga laifin wan mijina ba, tsoro ne ya kama shi. Yana gudun kada ya faɗa rijiya, ko ya ji wa wani ciwo magana ta kai ga Nasara a tafi da shi Sakkwato a kulle, mu rasa shi gaba ɗaya. Mahaifina kuma ya aiko cewa in kwaso yarana in dawo gida, ya ce shari'a ma ba ta tilasta wa mace zama da wanda hankalinsa ya gushe ba, alƙali zai raba. Na ce wa manzon ya gaishe shi da kyau, ya gaya masa ni na kai mutumin nan bakin tafki, ni kuma zan tsaya har in ga ƙafarsa a waje. Ya sake aikowa da faɗa. Na sake mayar da amsa iri ɗaya. Daga nan ya ce ba ruwansa da ni, kuma ya daɗe bai amsa gaisuwata ba.

Da yake kowa na tsoron zuwa inda yake, na sa aka ciccibo mini dutsen niƙata aka ajiye a bakin bukkar, don in riƙa aiki idona na kansa. Niƙa ba ta da bugu kamar daka, gurza ce kawai, kuma na ga ba ta firgita shi. Haka muka yi ta zama, ni a waje shi a ciki, ba mai ce wa wani uffan. Wata rana da rana tsaka ina niƙan gero, zuciyata ta cika, ban san lokacin da na fara gunguni ba. Wata tsohuwar waƙa ce ta uwata, wadda take yi in ta tuna garinsu, ba ta da tashi, a maƙogwaro ake yin ta. Ina cikin yi na ɗaga kai, sai na ga babban yatsan ƙafarsa, na cikin turun, yana motsi daidai da tafiyar dutsen. Na tuna Kalmalo, na haɗiye waƙar nan take. Can sai na ji murya a dishe, kamar ta wanda ya tashi daga dogon ciwo.

"Don mi kinka yi shiru?"

Wannan ce maganar farko da ya yi mini tun dawowarsa. Na so in yi guɗa, na so in ruga in kira Inna, amma na danne. Na sunkuyar da kai na ɗora daga inda na tsaya, hawaye na ɗiga cikin gari.

Akwai wata Bafillatana mai kawo mana nono, mun saba ƙwarai, ita kaɗai na gaya wa. Ta ce su ma in saniya ta tsorata da kura ta ƙi tatsa, ba a yi mata tsawa, ba a kuma taruwa a kanta; mutum ɗaya da ta sani ne zai tsuguna gefenta yana kiran sunanta da waƙa, yau da gobe, har ta saki nono da kanta. Na riƙe wannan magana. Na sa wa kaina doka: ba zan ƙara tura shi gaba ba, shi zai nuna hanya in bi. Kullum in na zo niƙa sai in fara a hankali ina kallon numfashinsa. Na gane waƙoƙin da ke kwantar da shi da waɗanda ke tayar masa. Duk mai saurin kiɗa ko mai kirarin maza, sai in ga jijiyar wuyansa ta tashi, in canza nan da nan. Ta renon yara tana sa shi barci. Ta uwata tana sa shi kuka, kuma na lura in ya yi kukan, ranar yakan ci abinci da kyau. Kada wani ya ɗauka abin ya tafi sumul. Akwai ranakun da zai jefe ni da ƙoƙo ya ce in tashi in ba shi wuri. Akwai makon da ya koma shirunsa kamar ba a taɓa yin komai ba, na shiga ɗaki na yi kuka na ƙoshi, da safe na wanke fuska na koma kan dutse. Gero kuwa na niƙa shi har na maƙwabta, don kada aikin ya ƙare waƙar ta yanke.

Sannu a hankali ya fara amsa mini amshi. Ya fara tambayar yara. Ranar da ya ce a kawo masa ƙaramar 'yarmu ya ga yadda ta girma, na san lokaci ya yi. Ƙafar da ke cikin turu ta kumbura ta fara ruwa. Na je wurin wan mijina na durƙusa na ce a cire. Ya ƙi. Na koma, ya ƙi. Na je na sami Liman, ya zo da kansa suka zauna a zaure, aka kira ni. Wan mijina ya ce in ya sake faɗawa ruwa wa zai ɗauki alhakin? Na ce, "Yaya, iccen ga ba magani ba ne, ƙafa kawai yake ci. In tsoro kake ji, a ɗaure hannunai da nawa, inda duk ya nufa mu tafi tare. Amma ka zo ka gan shi tukuna, rabonka da bukkar ga tun ranar da anka buga ƙarfen." Sai ya tashi muka tafi. Maigidana ya ɗaga kai ya dube shi, ya ga giɓin da ke bakinsa, ya tambaya ko shi ne ya yi masa haka. Wan ya ce ba komai, dama haƙorin yana girgiɗi. Sai maigidana ya ce, "Yaya, ka yahe mani. Ban san kai ne ba." Wan nan nasa, babban mutum, ya tsuguna a cikin ƙaiƙayi yana kuka kamar yaro. Shi da kansa ya je ya kira maƙeri.

Ganga dai maigidana bai sake taɓa ta ba har ya bar duniya, ko biki ake yi a unguwa sai ya fita gona. Amma hannun makaɗi ba ya zama banza. Yana jinyar ƙafa ya nemi ƙaramar ƙwarya da fata da tsirkiya, ya haɗa gurmi da kansa. Sautinsa ba ya wuce tsakar gida. Da yamma in na gama aiki yakan zauna yana taɓa shi, kuma a kan gurmin nan ne abin da ya kasa faɗa da baki ya fara fitowa, guntu-guntu, cikin waƙa. A nan na ji dajin da ba a ganin rana, da ruwan da ba ya ɗaukewa, da akwatunan harsashi, da maza suna faɗuwa da zawo ana wuce su. A nan kuma na ji abin da ya haɗa shi da ganga. Ashe da aka gane makaɗi ne, sai aka sa shi gaba yana buga wani gwangwani don masu kaya su daidaita tafiya su manta gajiya. Saurayin nan na Araba yana biye da shi, yana taka rawa da kaya a ka don ya ba mutane dariya. Suna cikin haka igwa ta sauka. Da hayaƙi ya lafa ya waiwaya, yaron yana kwance, aka daka musu tsawa su ci gaba, ba a ko bari sun rufe shi ba. Tun daga ranar, a zuciyarsa, kiɗansa ne ya nuna wa abokan gaba inda suke. Ni kuwa na ɗauki mutumin da ke ɗauke da wannan na kai shi tsakiyar ganguna.

Liman ya yi ta zama da shi yana nuna masa cewa ajali ba ya jiran kiɗa, shi ma umarni aka ba shi. Ya daɗe kafin maganar ta zauna masa. Bayan kaka, wata safiya, ya ce in shirya in raka shi Araba. Muka tafi a ƙasa, yana ɗingishi. Ya durƙusa gaban tsohuwar nan da ya taɓa juya wa baya, ya gaya mata komai, da bakinsa, ba da waƙa ba. Ya ce ɗanta bai wahala ba, kuma dariya yake yi a lokacin. Ta yi kuka mai tsawo, sannan ta ce dama abin da ya hana ta barci shi ne rashin sanin ko ta yi masa sadaka ko ta ci gaba da duban hanya. Yanzu ta huta. Ta sa masa albarka. A ranar ne kuma mahaifina ya fito ya amsa gaisuwarmu, ya sa aka yanka mana kaza.

Daga baya waɗansu da suka yi irin tafiyar suka riƙa zuwa zaurenmu bayan la'asar, har da na Konni waɗanda Faransa ta ɗiba. Ba sa yawan magana. Ya taɓa gurmi, su zauna, wani ya share ido, a yi sallar magariba a watse. Ba zan ce ya warke sarai ba. Duk farkon damina sai na zauna kusa da shi in hadari ya haɗu. Amma ya yi noma, mun ƙara haihuwa, ya aurar da 'ya'yansa da kansa, ya rasu a ɗakinsa cikin mutuncinsa yana salati.

Abin da ya sa na tono wannan tsohon zance, samarinmu sun dawo daga wannan yaƙi na baya-bayan nan da aka yi a hayin teku, kuma ina ganin irin zaman nan na gindin bango a gidaje. A unguwarmu akwai wanda in mota ta yi ƙara sai ya kwanta a ƙasa, yara na yi masa dariya, har na ji an fara zancen massassaƙi. Ina roƙon iyaye da matan aure, ku sani ciwon da ke cikin rai ciwo ne kamar na ƙafa, ba abin kunya ba ne, kuma ɗauri ba ya warkar da shi. Ku yi addu'a, ku nemi magani, yanzu ma da akwai asibiti ku kai shi. Kiɗa da waƙa suna isa inda magana ba ta isa, na gani da idona, amma suna iya tura mutum ruwa kamar yadda suke iya fito da shi. Kada ku zaɓa masa abin da zai ji don kuna ganin shi ya saba so. Kada ku tara masa jama'a. Mutum ɗaya da ya yarda da shi ya zauna kusa, ya sassauta murya, ya duba abin da jikinsa ke karɓa, in ya ƙi a bari sai gobe. Kuma kada ku gaji da wuri, don abin yana ɗaukar lokaci fiye da yadda zuciya take so.

Na je gidan yaron nan mai tsoron ƙarar mota na gaya wa uwarsa duk abin da na gaya muku. Ta ce ita ba ta iya waƙa ba. Na ce ai ta yi masa tun yana goye, ta tuno ta. Gwiwoyina sun daina durƙuso, muryata ma ta tsufa, amma na ce mata muddin ina numfashi ba za a sa ƙafar ɗanta a icce ba. Gobe da hantsi zan ɗauki sandata in koma.